Tarkon Harouna a Bayan Bobiel

Duk Lahadi bayan la'asar, Harouna yakan zauna a rumfar waldar Sumana da ke unguwar Banifandou. Shi malamin makaranta ne daga Gobir, Sumana kuwa Bazabarme, abokan wasa ke nan, don haka tsiya ba ta ƙarewa tsakaninsu. Abin da ya haɗa su ƙera tarko ne da hirar naman daji.

"Bagobiri da farauta?" in ji Sumana yana goga zarto. "Bara ƙadangare ka kama, ka ce mana damo ne."

"Kai dai tanadi yaji da dambun zogale, bawana. Yau zomo za ka ci. Matata Aminatu ma ta sha romo, tana jegon 'yarmu Balkisa."

Sabon tarkon kejin ƙarfe ne, shi ya tsara abinsa. In ƙofar ta faɗa, sai an kwance noti da sifana take buɗuwa. Tun safe ya ɗana shi a bayan unguwar Bobiel.

Sumana ya ajiye zarton.

"Kakana maharbi ne. Bai taɓa ƙera tarkon da hannu ba ya buɗewa ba, kuma ba ya barin tarko ya kai magariba. Ba namun daji kaɗai ke fitowa a lokacin ba."

Harouna ya yi dariya ya hau motonsa mai ƙafa biyu. Wallahi ko sifanar bai tuna ba, tana nan kan teburin Sumana.

Kwalta ta ƙare, gidaje suka ƙare, sai filaye da tubalan da ba a gama ginawa ba. Rana ta yi ja. Ya kashe moto kusa da wata tsamiya, ya taka zuwa tarkon.

Ƙofa ta faɗa. Zomanya ce a ciki, ƙatuwa, ƙarfen ya danne mata ƙugu. Nonuwanta sun cika, suna ɗiga a kan yashi.

Ya durƙusa yana murna, sai ya ga ƙafafunta na gaba. Lalle ne a kansu, ja wur, an zana shi tsaf.

Ƙamshin turaren wuta ya taso. Babu gida a kusa. Tsuntsayen tsamiyar suka yi tsit.

Can ƙarƙashin saiwoyin, jariri ya fara kuka.

"Buɗe mata, ɗana."

Muryar tsohuwa ce, a bayan kunnensa, har yana jin ɗumin numfashinta. Wuyansa ya ƙi juyawa.

"Ɗanta yunwa yake ji. Muddin bai sha ba, taka ma ba za ta sha ba."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Aminatu ce.

"Malam, Balkisa ta saki nono. Ta sandare, idonta ya kafe. Kana ina?"

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya laluba aljihu. Babu sifana.

Ya kama notin da yatsu. Ko motsi. Shi da kansa ya ɗaure shi tam da safe, yana alfahari.

Daga nesa ladan ya fara kiran salla.

Ya ɗauki dutse ya buga, dutsen ya farfashe. Kukan jaririn ya fara dusashewa. Wayar tana ƙasa, Aminatu na ta salati a cikinta.

Ya cusa hannu biyu tsakanin sandunan ya ja. Fata ta tsage. Ya ji yatsa ya karye, ya ci gaba da ja yana kiran sunan Allah, har walda ta ɓalle.

Zomanyar ta jawo jiki waje. Ƙafafun baya ba sa aiki. Ta ja ciki zuwa saiwoyin, ta kusa kaiwa, sai ta kwanta. Ta dube shi da ido irin na mutum. Ba ta ƙara motsi ba.

"Ka buɗe, na gani," in ji tsohuwar a hankali. "Taka za ta rayu. To nata, wa zai shayar da shi?"

Bai san yadda ya hau moto ba. Bai waiwaya ba har ya ga fitilun Bobiel.

Ya tarar da Balkisa tana tsotso kamar babu abin da ya faru. Ya zube a bakin ƙofa yana kuka, jini na zuba daga hannunsa.

Yatsu biyu ba su ƙara miƙewa ba. Sumana ya sassare sauran tarkunan, kuma bai taɓa yi masa tsiya a kan wannan ba. Harouna bai gaya wa matarsa komai ba. Ya ga dai tana ramewa, ga ci kamar na mutum biyu.

Wata magariba tana shayarwa a tsakar gida, ta kira shi da raɗa, ba ta ko motsa ba.

"Malam, zo ka gani. Balkisa tana kan nonon dama." Ta dubi ƙirjinta. "To wa ke jan na hagu?"