Harshen Finland a Bakin Zulai

Alewar ɗaurin aure na tafin hannunta, zafin Kaura ya fara narkar da ita, amma Zulai ba ta ji danƙon ba. Sufyanu da Karima, Juma'a mai zuwa a Zurmi.

Ba ta yi kuka ba. Yunwa ma ta ji.

Tun da Sufyanu ya tafi Finland karatun jinya yake koya mata yaren ƙasar ta waya, wai kada amaryarsa ta je tana rarraba ido. Gwanin lallashi, duk kalmomin sauƙi ya zaɓo mata. Helppo, abu mai sauƙi. Kevyt, mara nauyi. Yksinkertainen, abin da ba shi da sarƙaƙiya, wannan kam sai da harshenta ya kusa karyewa, shi kuwa yana ta dariya yana kiranta 'yar fillon Jangeru.

Hajiya Asiya, mahaifiyarsa, ba ta dariya. Ta ce gidan malamai ba zai ɗauko ɗiyar makiyaya da ko ɗokin ɗanta ba ta yi ba, ga Karima ta gida kullum da kuka a waya. Aka yi ta hura masa kunne har ya kira Zulai, tana zaune gaban goggonta ana burkar nono. Ya tambaye ta ya za ta ji idan ya haƙura da ita.

Bafulatana a gaban manya? Ko wuta ta taka ba ta cewa wash. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Helppo."

Shi kuma bawan Allah ya yarda.

Yanzu ga sunansa a wayarta. Ta ɗauka.

"Zulaina..." Muryarsa a dushe. "An kawo miki?"

"An kawo. Allah shi sa alheri."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Mi kake so in ce?"

"Da sau guda kin ka ce da wuya, wallahi da ban bari ba."

"Ba ka koya min wannan kalmar ba."

"Da Hausa fa, Zulai? Da Fillanci fa?"

Ta dubi alewar da ta narke a hannunta. Tana sonsa kamar ranta, a nan ne kawai abin ya soke ta.

"A gidanmu ma ba a koya muna ba," ta ce, ta kashe wayar.