Muryar da Aka Goge

Ana kiran sallar magariba, Mashkura na zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinta. Ta leƙa lungu, ba kowa.

Tun rasuwar mijinta Hussaini ita kaɗai ke ƙarasa haɗa wasan bidiyon da suka fara tare, labarin wani manomi mai neman akuyarsa a duwatsun Dutse. Hussaini ne ya yi muryar manomin, shi ya kuma rubuta gwaje-gwajen da ke duba wasan da kansu. Duk yamma in ta kunna su, muryarsa takan fito, ita kuwa sai ta tashi alwala don kada ta ji. Da wani gwaji ya dinga nuna ja, alamar akwai matsala, gajiya ta sa ta ce wa manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke taya ta aiki ta gyara. Komai ya koma kore, alamar lafiya lau. Ba ta bincika ba.

Jifa ya ci gaba, kullum da faɗuwar rana. Ran nan 'yarta Munira ta saki buta, ta sandare, ido a kafe.

Aka ɗauko Malam Jaji daga Kafin Hausa. Ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya tambayi na jikin yarinyar me yake so.

"Ban zo cuta ba," in ji wata murya mai kauri. "A kukar bayan gidan nan nake. Nakan saurari mutumin nan yana kiran akuyarsa. Ya rasu, na haƙura, tunda muryar na nan. Yanzu kun ɗauke ta."

Mashkura ta ɗauko kwamfutar. Ta duba a gaban malam. Sautin muryar Hussaini ne ya lalace, gwajin kuma gaskiya yake faɗa. Manhajar ba gyara ta yi ba, goge gwajin ta yi, muryar kuma ta daina fitowa.

Aljanin ya ce a jiyar da shi sau ɗaya, ya tafi. Malam ya rantsar da shi. Da ƙyar Mashkura ta samo guntun sautin a tsohuwar wayar mamacin, ta kunna. Muryar Hussaini ta cika gidan, yana kira, yana dariya.

Munira ta yi atishawa, ta sulale. Da ta buɗe ido sai ta waiwaya wajen zaure.

"Umma, Abba ne ya dawo?"