Hoton 'Yardada a Bakin Rijiya

Gab da magariba Mikail mai ɗaukar hoto yana zaune a tsakar gidansa a Madabo, yana jujjuya batirin kyamararsa. Ya san sanyi na shanye caji, shi ya sa yake ɗumama batir a aljihu in zai yi aiki a waje. Amma bai taɓa ganin cikakken batir ya mutu kafin a ɗauki hoto ko ɗaya ba, sai bayan da ya ɗauki mahaifiyarsa 'Yardada a bakin tsohuwar rijiyar kangon maƙwabta. Ba ta daɗe ba ta rasu. Hotonta ke nan kaɗai a duniya.

Dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo, daga wajen kangon, inda babu kowa.

A ɗaki ya tarar da 'yarsa Hafsat a sandare, jikinta kamar ƙanƙara. Aka kawo kaskon garwashi, ana ajiyewa ya mutu murus.

Goni Ɗalha, malamin unguwar, ya zo ya zauna a kanta yana karatu a hankali. Can sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar wata baƙuwar tsohuwa.

"Ɗana yana cikin akwatin mutumin nan. Yana leƙowa daga rijiya aka kama shi. Sanyi yake ji. Ya shanye wutar akwatin ba ta ishe shi ba, shi ne nake ɗibar masa ɗumin yarinyar."

"Ki ji tsoron Allah, ki sake ta," in ji Goni.

"A goge hoton, in tafi da nawa."

Mikail ya ce, "Allah gafarta Malam, ko in wanke shi tukuna? Mahaifiyata ce a ciki."

"In ka wanke, ka ɗaure min ɗana a takarda," in ji muryar. "Ni ma sai in riƙe 'yarka."

Goni ya dube shi.

Mikail ya cusa batir a hammata har ya yi ɗumi. Kyamarar ta kawo da ƙyar. Ga 'Yardada ta karkata kai, tana yi masa faɗa tana dariya. Bayan kafaɗarta, ƙananan idanu biyu suna kallonsa. Ya daɗe yana duban fuskarta, sannan ya danna, ya goge hoton.

Jifan ya tsaya. Hafsat ta yi atishawa, ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Ya ce a dama mata kunu. Shi kuwa ya fita zaure, ya juya fuskarsa ga bango.