Ramin Dokta Luƙman

Sau uku ke nan ana cike wa Dokta Luƙman raminsa. Malamin kimiyyar ƙasar noma ne a jami'a, ya haƙa ramin a wata saura bayan Kore Mairuwa don ɗalibansa su ga yadda ƙasa take hawa-hawa. Jibi za su iso. Da ya sake haƙawa, sai ya bari bayan isha'i ya ɗauki tocila, zuciya na tafasa, ya tafi kama mai yin ɓarnar.

Tun daga nesa ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali wata biyar ke nan rabon da a yi ruwan sama. Wata tsohuwa ya tarar a duƙe a wurin ramin, tana jawo ƙasar da aka haƙo da hannu tana mayarwa ciki.

"Ke Iya, mi na yi miki?" ya daka mata tsawa. "Kin san wahalar da na sha?"

Ba ta ɗago ba. "Ɗana, kai ka yaye mini ruhin ɗaki, kuma kai ka hushi?"

"Wane ɗaki? Tashi ki ba ni wuri!"

Sai ta miƙe. Ya haska yana neman ƙafafunta. A cikin ramin take tsaye, ramin da ya auna da kansa mita biyu cif, amma bakinsa bai kai gwiwarta ba.