Kujerar Baya a Jirgin Darmaji

Ban yi zurfi a makaranta ba, amma na yi shekara ashirin da shida a cikin jiragen saman masu kuɗi a Jakarta. Abin da na gani zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Ni da Darmaji rana ɗaya aka ɗauke mu aikin sharar ƙananan jiragen shata. Jirgi ne mai kujera takwas ko goma. Mai kuɗi zai ce ƙarfe tara, jirgi ya jira shi har sha ɗaya. Ba ya bin layi, ba a auna masa jaka, kuma yana sauka a filayen da manyan jirage ba sa zuwa. In sun fita mu shiga da tsumma.

Wata ƙaramar Sallah Darmaji ya ɗauki matarsa Sulastri da jaririyarsu Ningrum a babur zuwa ƙauyensu kusa da garin Solo. Da ya dawo ya same ni ina goge tagogi, ya ce mini:

"Mas Kasno, ɗan'uwana, kyanwar mai jirgin nan minti hamsin ta yi zuwa Solo. 'Yata awa talatin, tana amai a hanya."

"To ka roƙi Allah ya maishe ka kyanwa," na ce. Wasa nake yi, shi kuwa bai yi dariya ba.

Bayan wata biyu ya ce in raka shi wurin wani boka a kan dutse. Na raka shi, kuma wannan laifina ne har in mutu.

Da tsakar rana muka isa, amma ƙarƙashin bishiyar da bokan yake zama duhu ne, saiwoyinta sun zubo daga sama kamar gashin mahaukaciya. An naɗe gindinta da farin ƙyalle da ya yi baƙi. Ga furanni kala bakwai a faranti, ga lubban yana hayaƙi. Bokan, Mbah Sarpin, wato Kaka Sarpin, ya yanka kaza baƙa wadda har harshenta baƙi ne, ƙasa ta shanye jinin nan take, ko tabo bai rage ba.

Darmaji ya ce, "Mbah, na san yadda kuke yi. Ba na ba da matata, ba na ba da 'yata."

"Wa ya tambaye ka su?" in ji tsohon. "Mai wurin nan ya daɗe a gindin bishiya, yawo yake so. Duk jirgin da ka yi shata, ka bar masa kujerar baya, a ajiye masa baƙin kofi. Ranar da mutum ya zauna a kanta, ka koma tsumma."

"Shi ke nan?"

"Abin da ka tambaya ke nan, shi na amsa."

Darmaji ya sayi wani tudu a tsibirin Kalimantan wanda ko rogo ba ya yi, aka haƙa aka sami kwal. Cikin shekara uku ya zama Pak Darmaji, wato Maigida Darmaji, ya ɗauke ni mai kula da kayansa a tafiya. Ni nake ajiye kofin. Kullum in mun sauka na tarar babu komai a ciki, kujerar kuma tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sallar farko ya ɗauki ƙanensa Wartono a jirgi, yana ta ɗaukar hoto. Kafin sati Wartono ya faɗi a banɗaki, bai tashi ba. Aka ce hawan jini ne. Shekara ta zagayo ya ɗauki mahaifiyarsa, Mbok Kasiyem, wadda ba ta taɓa hawa jirgi ba. Muna cikin gajimare ta waiga baya ta ce, "Le, ɗana, wane ne wannan baƙon naka da ba ya amsa sallama?" Ta sauka ba ta gane kowa ba, ta yi kwana tara tana gaida bango, sannan ta rasu.

Muka koma kan dutse. Darmaji ya shaƙe wuyan rigar tsohon.

"Sake ni, Alhaji," in ji Mbah Sarpin yana dariya. "Yawon ya yi masa daɗi, amma ba ya son komawa gida shi kaɗai. Matuƙa da barori ba sa gabansa. Idonka yake bi. Wanda ka fi waiwaya a cikin jirgi, shi zai raka shi."

Sai a ranar na gane abin da ya sa ni nake raye.

Ya kamata ya watsar da komai a nan, amma bai yi ba. Sai ya daina ɗaukar kowa nasa. Shekara goma sha biyu yana tashi shi kaɗai, iyalinsa suna bin layi a babban filin jirgi, Sulastri tana kuka tana zaton wata mace ce ke zama kusa da shi.

Ningrum tana da shekara goma sha bakwai suka zo masa hutu a gidan da ke kusa da mahaƙar kwal ɗin. Da safe ta ce kanta na ciwo, kafin hantsi ta daina magana. Likita ya ce jijiya ce ta fashe, in ba a kai ta Singapore cikin awa shida ba, a fara haƙa kabari. Jirgin fasinja sai jibi, kuma ba ya ɗaukar mai jinya a kwance. Jirgin shata kuwa cikin awa biyu ya sauka, da likitansa da gadonsa. Don irin wannan ranar ake shatar jirgi.

Aka shigar da yarinyar. Darmaji ya tsaya a bakin matakala, rana tana dukansa, ya kasa hawa. Ko ya tsaya a ƙasa, da kuɗinsa aka yi shatar, kuma kowa ya san inda idonsa yake.

"Pak, me kake jira?" in ji Sulastri.

Nan ya faɗa mata komai, a gabana.

Ta kalle shi. "Wartono?"

Ya sunkuyar da kai.

"Har da Mbok? Wadda ta haife ka?" Ta share fuska da gefen mayafinta. "Ka bar ni shekara goma sha biyu ina tsine wa matar da babu ita. Wallahi da akwai ta da ya fi mini sauƙi."

Ta hau. Ta wuce gadon 'yarta, ta shafa goshinta, ta je baya ta ɗauki kofin ta zubar a ƙasa, ta zauna a kujerar ta ɗaura bel.

"Bu, uwargida, tashi, don Allah!" in ji Darmaji da ya biyo ta ciki.

"Juyo nan, Pak. Ni za ka kalla har mu sauka. In ka waiwayi yarinyar nan sau ɗaya ban yafe maka ba."

Awa biyu ya durƙusa a gabanta yana kallonta, na'urar da ke jikin 'yarsa tana ƙara a bayansa, bai juya ba. Sulastri tana ta salati a hankali. Da muka hango teku ta tambaye ni ko yarinyar tana numfashi, na ce tana yi. Ta ce to. Ba ta ƙara cewa komai ba. Da tayoyi suka taɓa ƙasa likita ya duba Sulastri, ya ce ta kai minti ashirin da cikawa.

Ningrum ta rayu. Kafin a yi wa uwarta addu'ar arba'in ramin kwal ya rufta, kotu ta ƙwace gidajen. Darmaji yana ɗaki a bayan gidana yanzu. Wuyansa ya ƙi juyawa, duk wanda ya yi masa magana daga baya sai ya fasa ihu.

Ku da kuke tsayawa a shingen filin jirgi kuna haɗiyar yawu, ku ji ni. Jirgin ba shi da laifi, na ga ya ceci rai. Amma in kwaɗayi ya kai ka gindin bishiya, ba kai za ka biya ba, wanda ya fi sonka ne zai biya, kana kallo.

Bara Ningrum ta yi aure. Alƙali ne ya tsaya mata waliyyi, ta ce masa ba ta da uba. Na je ɗaurin auren, na dawo wa Darmaji da shinkafar biki a ganye. Ya cinye, ya ce ta yi daɗi, ya tambaye ni auren wa aka yi.