Saura Wasa Huɗu Baba Ya Ajiye Takalmi

A garinmu Wirrabin, can cikin karkarar Ostireliya, tumaki sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Amma in sanyi ya shigo, ranar Asabar ko tumakin sai su yi haƙuri. Kowa yana filin ƙwallo.

Ƙwallon tamu mai siffar ƙwai ce. Da ƙafa ake buga ta, da hannu ake cafewa. Wanda ya cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai hura usur, a matsa masa ya buga abarsa.

To, akwai wani yaro a garin, ɗan shekara sha shida, mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe. A ƙungiyar yara ba wanda ya kai shi cafka. Zai sheƙo da gudu, ya dafa bayan na gabansa da gwiwa, ya tashi sama ya rungumo ƙwallon. Dokar wasan ta yarda da haka. Masu kallo da ke cikin motoci kewaye da fili sai su yi ta danna hon. Aka sa masa suna Sarkin Tsalle, sunan kuwa ya shiga kansa ya zauna daram.

Amma akwai abin da ya fi hon zama a ransa. Babansa, Glen Hanke, ya shekara ashirin da biyu yana tsaron baya a ƙungiyar manya. Tun yaron yana ƙarami yake zama a bayan a-kori-kura yana kallonsa. Kullum fatansa ɗaya ne, ya girma da wuri su shiga fili tare, riga iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Yanzu Baba ya cika arba'in. Gwiwoyinsa sun fara ƙorafi. Tun farkon shekara ya faɗa wa kowa cewa daga bana ya ajiye takalmi.

Kowace Alhamis da yamma, bayan atisaye, gari yakan taru a zauren kulob a ci abinci. Daga nan Koci Doolan zai miƙe da takarda ya karanta sunayen waɗanda za su buga ranar Asabar. Yaron yakan ajiye cokali ya kasa kunne. Sati ya bi sati, sunansa yana nan cikin na yara.

"Ci abincinka mana," in ji Mama wata Alhamis. "Naman ya huce."

"Mama, saura wasa huɗu fa."

"Na sani. Ni ma ina ƙirgawa."

"In aka gama ba a sa ni ba, shi ke nan har abada."

Mama ta tura masa dankalinta.

A wannan Alhamis ɗin ce Koci ya karanto sunayen manya, ya zo na ƙarshe ya ɗan tsaya. "Sai kuma ɗan Glen," ya ce. "Wasansa na farko."

Zaure ya kaure da tafi. Yaron ya ji kamar ƙirjinsa zai fashe don murna. Baba ya dubi farantinsa yana murmushi.

Koci ya ja yaron gefe. "Baya zan sa ka, kusa da babanka. Ba don ka iya ba, don ka koya. Abu biyu nake so. In kana bayan mutum, kada ka nemi cafka. Dunƙule hannu ka naushe ƙwallon ta yi waje. Na biyu, buɗe kunnenka. In ɗan'uwanka ya ce tasa ce, to tasa ce."

"To, Koci."

"Maimaita in ji."

Ya maimaita tsaf, bai bar ko kalma ba. Sai dai bakinsa ne kawai a wurin. Zuciyarsa ta riga ta tafi sama tana cafe ƙwallo.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi. 'Yan wasan garin Boolara suka iso, ƙarti masu gemu, rabinsu masu sana'ar aske gashin tumaki. Wanda aka haɗa yaron da shi ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, mamarka ta san kana nan?"

"Ta sani," in ji Baba daga gefe. "Ita ta wanke masa riga. Kai taka tun bara ba ta ga ruwa ba."

Yaron ya yi dariya, tsoronsa ya ragu. Amma da aka fara, sai ya ga wasan manya daban ne. Kafin ya juya an bangaje shi. Kafin ya ɗaga kai ƙwallon ta wuce. Aka yi zango uku cikin huɗu bai cafe ko ɗaya ba. Laka kawai ya kwasa. Kunya ta fara cin sa, yana ganin duk gari na cewa, ina Sarkin Tsallen?

Saura minti biyu a tashi, namu suna gaba da maki uku. Sai ga ƙwallo ta taso sama, tana jujjuyawa, ta nufo gidanmu. Baba ya riga ya tsaya a ƙarƙashinta, ya kafa ƙafa, ya buɗe hannu.

"Tawa ce," ya ce da ƙarfi.

Yaron ya ji. Kada wani ya ce bai ji ba. Amma ƙwallon ta yi kyau a sama, irin wadda ya saba ce. Ya sheƙo, ya tashi. Gwiwarsa ta sauka a haƙarƙarin babansa. Ƙwallon jiƙaƙƙiya ce, ta taɓa yatsunsa ta sulluɓe. Uba da ɗa suka zube cikin laka. Mai gemun nan ya tsince ta a ƙasa, ya doka ta tsakiyar turakun gidanmu. Maki shida ke nan, sun wuce mu. Jiniyar tashi ta yi kuka.

Yaron ya miƙe. Baba bai miƙe ba. Yana kwance ya dafe gefensa, yana jan numfashi kaɗan-kaɗan.

Likita ta ce ƙashin haƙarƙari ɗaya ya tsage. "Sati uku ba wasa," ta ce. "In ya yi sa'a ke nan."

Yaron ya ƙirga a zuci. Sati uku, ranar wasan ƙarshe ke nan. In Baba bai warke ba, to da gwiwar ɗansa aka rufe masa shekara ashirin da biyu.

A gida Baba ba ya iya ɗaga damin ciyawa. Ko dariya ba ya iya yi. Yaron ne ke fita da sassafe ya ba tumaki abinci kafin motar makaranta ta zo. Kwana biyu yana kauce wa idon babansa. A rana ta uku ya same shi a baranda.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Zauna." Baba ya gyara zama da ƙyar. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ji ni da na kira?"

Yaron ya so ya ce iska ce ta ɗauke muryar. Ya sunkuyar da kai. "Na ji, Baba."

"To, wannan ya fi haƙarƙarin ciwo."

Hawaye suka zubo wa yaron. "So nake in burge ka."

"Da ka bar min ita, da ka burge ni. Ɗana, ni ba na iya tashi sama kamar kai. Ban taɓa iyawa ba. Abin da ya riƙe ni a filin nan shi ne, in na ce tawa ce, mutum sha bakwai sun yarda."

Alhamis ta zagayo. Koci ya karanta sunayen yara, ba shi. Ya karanta na manya, ba shi. Sai a ƙungiya ta biyu sunansa ya fito, ta tsofaffi masu tumbi da ke bugawa kafin manya su shiga. Wasu yara suka ƙunshe dariya.

"Koci, korata aka yi?" ya tambaya daga baya.

"Da korarka na yi, da na mayar da kai cikin yara ka ci gaba da hawan bayansu. Can ba abin da ya rage ka koya. Je ka wurin Mick Tierney. Duk abin da ya ce maka, yi."

Mick Tierney shi ne mai raba wasiƙu a garin. Shekararsa arba'in da shida, kansa sanƙo, gudunsa kuwa ko agwagwa ta fi shi. Amma bakinsa ba ya hutawa daga farkon wasa har ƙarshe.

"Sannu da zuwa, Sarki," ya ce. "A nan ba ma tashi sama, bayanmu ba ya ɗauka. Tsaya nan hagu da ni."

Aka fara wasa. "Dunƙule," in ji Mick. Yaron ya naushe ƙwallon ta yi waje. "Bari, ta wancan ce." Ya bari. "Mutum a bayanka, miƙa da sauri." Ya miƙa. "Kana da lokaci, ɗaga kai ka duba."

Abin mamaki, duk inda Mick ya ce ƙwallo za ta sauka, nan take sauka. Ashe gaskiya ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Balle bayan mutum.

Ba wanda ya danna masa hon. Bayan yatsunsa duk ya ɗaye. Bayan wasan ya zauna a benci yana kallon manya suna shiga fili, babu shi, babu Baba. Bai taɓa jin kewar wani abu kamar ranar ba.

A sati na biyu, shi ma bakinsa ya buɗe. Ya hango wani ƙato ya taho wa Mick ta baya. "Mutum a bayanka, Baba Mick." Mick ya goce, ƙaton ya wuce ya sha laka.

"Ji yaro," in ji Mick yana haki. "Ashe kana da baki. Na zaci ƙafa kawai aka ba ka."

Koci Doolan yana tsaye a bakin fili, hannu a aljihu. Ya gyaɗa kai.

Alhamis ta ƙarshe ta zo. Yaron bai ko taɓa cokali ba. Koci ya fara karanta sunayen manya. "Glen Hanke. Likita ta yarda, da sharaɗin a naɗe shi kamar ƙunshin kaya." Aka yi tafi har da bubbuga tebur. Yaron ya ji daɗi, amma ya ci gaba da kasa kunne. Suna na sha biyar ya wuce. Na ashirin ya wuce. Mama ta riƙe hannunsa a ƙarƙashin tebur.

"Sai kuma ɗan Glen. Mick ya ce kunnensa ya warke."

Ranar wasan rana ta fito. Uba da ɗa suka shiga fili tare, suka tsaya a baya. Ƙwallo ta farko ta taso, yaron yana bayan mutuminsa. "Dunƙule," in ji Baba. Ya naushe ta har ta tsallake layi. Ta biyu ta zo. "Tawa ce." Yaron ya ja birki, ya tare abokin hamayya da kafaɗa don kada ya taɓa gefen Baba. Baba ya cafe abarsa cikin kwanciyar hankali, ya ɗaga masa babban yatsa.

Haka suka yi ta yi har zango na ƙarshe. Namu suna gaba da maki biyu kacal. Sai ga wata ƙwallo ta taso sama sosai. Baba ya dube ta, ya san ta fi ƙarfin tsallensa. Ya dubi ɗansa, ya ga hanyarsa a buɗe take. Yaron ya riga ya dunƙule hannu yana jiran umarni.

"Taka ce, ɗana. Tashi."

Ya tashi. Ya rungumo ta a ƙirji da hannu biyu, ya sauko da ita. Usur ya yi ƙara. Kafin ya buga, jiniya ta yi kuka. Mun ci.

Ƙungiyoyin biyu suka jeru layi biyu, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ajiye takalmi. Mick Tierney ya shigo fili ya durƙusa ta dama. Yaron ya durƙusa ta hagu. Suka ɗaga Baba a kafaɗa, suka bi ta tsakiyar layin ana tafi.

"A hankali, ku biyun nan," in ji Baba daga sama. "Mick, kai ka fi shi gajarta, karkacewa nake yi."

Mama tana bakin ƙofa tana share ido da gyalenta. Da suka sauke Baba, Koci ya dafa kan yaron.

"To, Sarki, me ka koya a wurin tsofaffi?"

Yaron ya dubi babansa, sannan ya ce, "Iyawa kaɗai ba ta isa ba, Koci. Sai ka saurari na gaba da kai, ka kuma jira a ce taka ce."

Baba ya zauna a kan ciyawa. Ya kwance igiyar takalminsa a hankali, ya kasa sunkuyawa ya cire. Ɗansa ya durƙusa ya cire masa.