Ranar da Aka Fasa Asusu

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata maginiyar tukwane ana ce da ita Gwaggo Tasalla. Ita ke gina wa yaran garin asusu. Kullum takan ce musu, "Kada ku fasa sai ranar babbar buƙata."

Wata safiya ta je ɗibar yumɓu, sai ta tarar da wani kare marar uban gida ya faɗa rami, ƙafarsa ta karye, ƙudaje na bin raunin. Ta sa shi a kwando ta kai wa likitan dabbobi.

Likita ya ce, "Gwaggo, in ba a sayo allura yau ba, ƙafar nan ruɓewa za ta yi."

Gwaggo ta koma gida, ta ɗauko asusun da take tarin kuɗin zanen Sallah a ciki, ta buga da ƙasa. Kuɗin bai kai ba. Ta zauna ta yi tagumi.

Sai ga Ladidi, jikar maƙwabciyarta, rungume da nata asusun. Ta ce, "Gwaggo, yau ce ranar babbar buƙatar?"

"Ke 'yar nan, kuɗin lallenki fa?"

"Lalle zai jira ni, Gwaggo. Ƙafarsa ba za ta jira ba."

Tas! Ladidi ta fasa. Sai ga Tanko, tas! Sai ga Jummai, tas!

Aka yi wa kare allura, aka ɗaure masa ƙafa.

Gwaggo ta yi Sallah da tsohon zanenta. Washegari ta shanya sababbin asusai a tsakar gida, kowane yaro da nasa. Kare kuwa yana ta ɗingishi kewaye da su, akuya ba ta isa ta matso ba.